Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Jami'armu Kan Halin Masu Neman Digiri Na Uku A Lissafi

Zuwa ga
Mai Girma Shugaban Jami'a,
Farfesa, kuma Shugaban Majalisar Dattawan Jami'a.



 

Ni ɗalibi ne mai neman digiri na uku a Sashen Lissafi, ɓangaren lissafin aikace-aikace, kuma da yawun 'yan uwana da muke wannan karatu tare nake magana. Ba mu tsallake kowa ba kafin mu iso gare ka. Mun kai kukanmu ga shugaban sashe, ya tura mu tsangaya. Tsangaya ta tura mu Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko, can aka karɓi takardarmu, aka buga mata hatimi, aka ce mu saurari amsa. Har yau sauraro muke yi. Mun nemi ganinka, aka ce za a sa mana rana, ranar ba ta zo ba. Saboda haka ka gafarce mu da muka fito da maganar fili. Wannan jami'a ita ta rene mu, ba mu da wata, kuma ba mu da sha'awar ganin ta ji kunya.

Yallaɓai, bari in fara da irin aikin da muke yi, domin duk lokacin da aka zo rabon kayan aiki sai mu ji ana cewa masu lissafi ba sa buƙatar komai sai allo da alli. Ni aikina a kan ambaliyar Kogin Haɗeja yake. Idan damina ta yi ƙarfi aka sako ruwa daga madatsar Tiga da ta Challawa, ruwan nan zai bi ta Wudil da Ringim ya gangara Haɗeja, ya bazu a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru kafin ya haɗu da na Kogin Jama'are. Tambayar da nake nema wa amsa ita ce wadda manomin shinkafa a Auyo yake yi kowace shekara: yaushe ruwan zai iso, kuma ina zai tsaya? Ƙa'idojin lissafin da ke bayyana tafiyar ruwa a kogi tsofaffi ne, wani Bafaranshe mai suna Saint-Venant ya tsara su tun 1871. Amma ba a warware su da alƙalami a kan kogi na gaskiya, mai kwana-kwana, wanda kachala ta toshe wasu hanyoyinsa ta karkatar da ruwan zuwa inda ba ya bi a da. Sai an yanka taswirar kogin gida-gida, dubbai a kan dubbai, kwamfuta ta riƙa lissafa abin da ya shiga kowane gida da abin da ya fita, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Idan kuma ka ce za ka rage girman gidajen da rabi don amsar ta ƙara kyau, aikin kwamfutar ninkuwa yake yi sau takwas, domin gidajen sun ninka huɗu, takun lokacin ma dole a raba shi biyu, in ba haka ba lissafin ya watse.

Abokiyar karatuna kuwa a kan sanƙarau take aiki, cutar da a 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000, akasarinsu a Arewa. Tana neman sanin kashi nawa na jama'ar gari ya kamata a yi wa rigakafi, kuma a wane wata, kafin zafin bazara ya shigo. Irin wannan tunani ne Ronald Ross ya kawo a 1911, da ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe kowane sauro ba kafin zazzaɓin cizon sauro ya mutu a gari, ya isa a rage yawansu ƙasa da wani mizani. Na kawo waɗannan misalai ne don ka ga cewa abin da ke kwance a teburorin sashenmu ya shafi gonaki da makabartu na mutanen da ke kewaye da wannan jami'a.

Karatun yana da wuya, kuma mun san da haka muka shigo. Sai dai in ka tara mu ka tambayi kowa abin da ya cinye masa shekaru, da ƙyar za ka sami wanda zai ce maka wata ƙa'ida ce ta gagare shi. Jira ne ya cinye su. Takardar shiga ta ce shekara uku, amma a cikinmu akwai wanda ya shigo da goyo a gidansa, yanzu yaron yana firamare.

Jira na farko shi ne na mai duba aiki. Ina roƙon kada a ɗauki wannan a matsayin ƙarar malamanmu, domin muna ganin abin da suke ɗauke da shi. Farfesan da ya cancanci duba aikin digiri na uku a fanninmu, shi ne ke koyar da 'yan aji ɗaya a zauren da ya cika har taga, shi ne ke duba kundayen 'yan digiri na biyu, shi ne a kwamitin jarrabawa, kuma sababbin jami'o'in da aka buɗe a maƙwabta shi suke aro domin su ma ba su da kowa. Waɗanda za su rage masa nauyi sun tafi Saudiyya, Malesiya, Afirka ta Kudu da Ingila. Babin lissafi kuma ba a karanta shi a tsaye. Sai mutum ya zauna da takarda ya bi kowane layi da kansa, domin alama ɗaya da ta juye a shafi na huɗu tana iya rushe shafi talatin da ke bayanta. To ina lokacin? Sai babi ya kwana wata da watanni a cikin jaka, ɗalibi yana jin nauyin tambaya, malami yana jin nauyin haɗuwa da shi a baranda. Abin takaicin shi ne akwai 'yan ƙasar nan a jami'o'in waje da suka yarda su duba aikinmu kyauta ta intanet, amma ƙa'idarmu ba ta san da su ba. Sunansu ba zai hau kundi ba, sa hannunsu ba ya aiki, kuma neman amincewar ɗaukar mutum ɗaya a matsayin mai dubawa na biyu yana iya cin zangon karatu guda.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, ranka ya daɗe, domin shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya: ƙa'idar da ta ce ba za a bar ɗalibi ya kare kundinsa ba sai ya buga maƙala biyu a mujallun da aka amince da su. Mun fahimci niyyar. Ana so aikinmu ya wuce idon wasu masana da ba su san mu ba, kuma wannan daidai ne. Amma wanda ya rubuta ƙa'idar bai yi la'akari da yadda mujallun lissafi ke aiki ba. A fanninmu, mai tantance maƙala yana bin hujja ne layi-layi, don haka ba abin mamaki ba ne maƙala ta yi wata shida ko shekara guda kafin a ji amsar farko, amsar kuma sau da yawa ita ce a gyara a sake turowa. Mujallu masu mutunci da ba sa karɓar kuɗi su ne suka fi jinkiri. Waɗanda ke da sauri kuma suke da mutunci, da yawansu suna neman dala dubu biyu ko fiye a kan maƙala ɗaya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Ka lissafa da kanka, yallaɓai, ka gwada da albashin ƙaramin malamin kwaleji, wanda shi ne aikin mafi yawanmu.

Ga ɗalibi nan a tsaye: kundinsa ya kammala, kuɗin rajista na sabuwar shekara na jiransa, mujallar kirki ta yi shiru. Sai ga saƙo ya shigo masa daga wata mujalla mai dogon suna, tana cewa za ta buga masa cikin mako biyu a kan kuɗi kaɗan. Kowa a sashen ya san babu wanda zai iya tantance hujjar lissafi mai shafi ashirin cikin mako biyu, kuma kowa ya san irin waɗannan mujallu ba sa karanta komai sai shaidar biyan kuɗi. Duk da haka takardar karɓarsu tana wucewa a ofis, domin abin da ake dubawa shi ne akwai takarda ko babu. Wanda ya ƙi bin wannan hanya ya tsaya kan mujallar gaskiya, shi ne ake gani a matsayin malalaci da ya kasa gamawa, wanda ya bi ta kuwa ya sa hula ya yi hoto. Zan faɗa maka kai tsaye: ƙa'idar da aka kafa don ɗaga darajar digirinmu ita ce yanzu take koya wa ɗalibai sayen suna. Kuma maƙalar da ta faɗa irin wannan mujalla ta mutu ke nan, ba mai karanta ta, ba mai kafa hujja da ita, ba a kuma iya sake buga ta a wani wuri. Sunan jami'ar nan ne a ƙarƙashin sunan marubucin, kuma masana na waje suna gani.

Akwai kuma wata asara da ba a gani daga ofis. Matsalar da nake aiki a kanta ba ni kaɗai na san da ita ba. Wani ɗalibi a Indiya ko Chaina yana iya kasancewa a kan hanya ɗaya da ni, kuma duk wanda ya riga fitar da sakamako shi ke da shi. Idan ya riga ni alhali babina yana kwance a jaka, mai jarrabawa zai ce aikina ba sabo ba ne, kuma gaskiya ya faɗa.

Na uku shi ne wuta da na'ura. Mun san kuɗin wuta ya zame wa jami'o'i alaƙaƙai tun da aka ninka farashin rukunin A na masu amfani da wuta fiye da sau uku a watan Afrilun 2024, don haka ba mu ce a haska harabar jami'a dare da rana saboda mu ba. Amma lissafin da na bayyana maka a sama yakan ɗauki yini da kwana yana gudana a ƙaramar kwamfutar hannu, idan wuta ta ɗauke batir ya mutu, sai a koma farko. Wasunmu a shagon masu cajin waya suke kai kwamfutocinsu. Wasu sun rage girman matsalar da suke bincike don ta yi daidai da ƙarfin batir, wato na'ura ce ke yanke wa ilimi iyaka. Manhajar MATLAB da ake koyar da mu da ita, jami'a ba ta da lasisinta, kowa kwafin bayan fage yake amfani da shi, abin da ba za ka iya rubutawa a maƙala ba. Wannan ma mun sauƙaƙa maka shi: da yawanmu mun koma Python, wadda kyauta ce. Abin da ba za mu iya samar wa kanmu ba shi ne ɗaki ɗaya mai sola da batura, da kwamfutoci masu ƙarfi ko da uku ne, waɗanda za a bari a kunne. Kuɗinsa bai kai na motar ofis guda ba. Ɗakin karatu kuma ya daina biyan kuɗin shiga rumbunan mujallu, har da MathSciNet, inda mai lissafi ke duba ko an riga shi. Yanzu da rumbun maƙalu na arXiv muke rayuwa, da roƙon abokai na waje su turo mana maƙala ta WhatsApp.

Na huɗu gajere ne. Lissafin aikace-aikace ba ya tsayawa sai da alƙaluma na gaskiya: yawan ruwan sama, tsayin kogi, adadin marasa lafiya mako-mako. Hukumomin da ke riƙe da su ba sa sauraron ɗalibi da ya zo da takardar sashe. Sa hannunka a kan yarjejeniya ɗaya da su zai buɗe ƙofar da mu muka gaji da ƙwanƙwasawa.

Na biyar shi ne abin da ke faruwa bayan an gama, kuma shi ne ya fi nauyin faɗa. Ɗalibi ya miƙa kundi, sai a shiga jiran gawon shanu: a zaɓi mai jarrabawa na waje, sunansa ya je kwamiti, kwamiti bai zauna ba, ya zauna bai kai ga batun ba, a aika kundi, mai jarrabawa ya ce ba a biya shi haƙƙin zuwan da ya yi bara ba. A ƙarshe sai a raɗa wa ɗalibi cewa in yana son abu ya motsa, ya ɗauki nauyin kuɗin mota da masauki da abincin ranar kare kundi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba a ba da rasit, amma ana yi, kuma ina da yaƙinin labarin bai iso teburinka da wannan siffa ba. Ranka ya daɗe, ta yaya mutumin da na biya wa ɗakin kwana zai zauna gobe ya yi mini hukunci da zuciya ɗaya? Ko ya yi adalci, an riga an sa wa digirin tabo. Duk tsawon wannan jira kuma ana cajin mu kuɗin rajista kamar muna shiga aji. Haka aka lissafa mana watannin yajin aikin 2020, daga Maris zuwa Disamba, da na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, a cikin wa'adinmu, har wasu suka sami takardar gargaɗi cewa sun wuce lokaci. 'Yan uwanmu mata da haihuwa ta tsayar da su, su ma agogon bai tsaya musu ba.

Wataƙila wani zai ce maka mai son lissafi na gaske ya tafi waje mana. Da can wannan hanya ce. Marigayi Chike Obi, ɗan Najeriya na farko da ya sami digiri na uku a lissafi a 1950, a waje ya yi. Farfesa Iya Abubakar, ɗan Belel ta Adamawa, a Kambirij ya yi nasa, a kan yadda igiyoyin girgiza ke tafiya a cikin ƙasa, ya dawo ya riƙe Sashen Lissafi a Zariya, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Amma sun dawo ne don na bayansu su sami abin da suka je nema a gida. Yau kuma asusun TETFund, wanda tallafinsa na ƙaro karatu dama na malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai, ya dakatar da tura sababbin mutane waje daga farkon 2025. Ma'anar wannan ita ce malaman lissafin da za su koyar a jami'o'i da kwalejojin Arewa shekaru ashirin masu zuwa, a sassa irin namu za a ƙera su. Idan aka ƙera su da maƙalar saye da kundin da ba a karanta da kyau ba, su ne za su duba na gaba, kuma ba za su iya ba da abin da ba su samu ba.

Ba kuma sai da kuɗi mai yawa ba. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa tana nan a Sheda, kusa da Kwali. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964 tana da tsarin da ɗalibi zai ci gaba da rajista a jami'arsa ta gida, yana zuwa can na wasu watanni yana aiki da wani masani. Cibiyoyin lissafi na AIMS suna Afirka ta Kudu, Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda. Duk waɗannan suna neman takardar goyon baya daga jami'a a kan lokaci, kuma mun ga damar da ta wuce saboda takarda ta kwana a tire.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo, cikin ladabi.

Muna roƙon ka kai wa Majalisar Dattawa batun gyara ƙa'idar buga maƙala. A bar ɗalibin lissafi ya kare kundinsa idan yana da maƙala ɗaya da mujallar kirki ta karɓa, ko kuma shaidar cewa tana hannun masu tantancewa tare da rahoton masana biyu na waje da jami'a ta zaɓa da kanta. A bar wa malaman Sashen Lissafi su fitar da jerin mujallun da suka yarda da su, su riƙa sabunta shi, duk wadda ba ta ciki kada a karɓi takardarta ko da ta zo da hatimin zinariya.

Muna roƙon a ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai duba, a rage wa masu dubawa nauyin koyarwa, a kuma amince da mai dubawa na biyu daga wata jami'a, ta gida ko ta waje, cikin wata ɗaya da nema. A sa wa'adin da babi zai yi a hannun malami, da wanda kundi zai yi tsakanin miƙawa da karewa, a rubuce, inda kowa zai gani.

Muna roƙon jami'a ta ɗauki nauyin mai jarrabawa na waje gaba ɗaya, ta biya waɗanda ke bin ta bashi, ta kuma fitar da sanarwa cewa haramun ne a karɓi ko kwabo daga hannun ɗalibi saboda ranar kare kundi. A daina cajin kuɗin rajista daga ranar da aka miƙa kundi. A cire watannin yajin aiki da hutun haihuwa daga lissafin wa'adi, a janye takardun gargaɗin da aka bayar a kan su.

Muna roƙon ɗakin nan guda mai sola da kwamfutoci, da maido da kuɗin rumbunan mujallu a kasafin baɗi, da sa hannunka a kan yarjejeniyar samun alƙaluma daga hukumomin ruwa, yanayi da lafiya.

Daga ƙarshe muna roƙon ka ba mu sa'a ɗaya, mu da malamanmu da shugaban Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko, kafin zaman Majalisar Dattawa mai zuwa. Za mu zo da kwafin takardun da muka rubuta a baya, da ranar da kowane kundi ya shiga ofis, don ka gani da idonka.

 

Naka mai biyayya,
Ɗalibin digiri na uku, Sashen Lissafi,
a madadin 'yan uwansa ɗalibai.